Tarihin Hokusai: Tsohon Da Ya Sauko Da Waƙoƙin Fada Zuwa Kasuwa

A wannan makon za mu yi nisan zango, domin za mu bar Nima da Mamobi mu nufi can gabashin duniya, wato ƙasar Japan, wadda yawancinmu ba mu san ta da komai ba sai motoci da babura da kayan gyaran da ake saukewa a Abossey Okai.

Amma akwai wata tsohuwar alaƙa tsakanin Japan da birnin nan namu na Ankara. A shekarar 2004 Japan ta fito da takardar kuɗi ta yen 1,000 mai ɗauke da hoton Dakta Hideyo Noguchi, likitan nan da ya rasu a Ankara ranar 21 ga Mayu, 1928, yana cikin binciken cutar shawara, wanda kuma aka sa wa cibiyar binciken lafiya ta Legon sunansa a 1979. Ranar 3 ga Yuli, 2024 aka fito da sabuwar takardar yen 1,000, a bayanta kuwa aka sa zanen wata ƙatuwar igiyar ruwa ta taso za ta rufe wasu jiragen kwale-kwale uku, ga wani dutse can nesa. Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wannan zane a jikin riga ko jaka ko marfin waya a cikin kayan gwanjo, ba tare da mun san mai shi ba. To, mai shi dai shi ne Katsushika Hokusai, kuma tarihinsa muka kawo muku yau. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne, rayuwarsa daga farko har ƙarshe a hannun 'yan kasuwa take, kuma babban aikin da ya so ya rufe rayuwarsa da shi, kasuwa ce ta tsayar da shi a tsakiya.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Hokusai a shekarar 1760 a birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo, a wata unguwa ta talakawa da masu sana'a da ke gabashin kogin Sumida. Sunansa na yanka Tokitaro. Ya tashi a gidan wani mai suna Nakajima Ise, wanda sana'arsa ita ce yin madubi ga gidan shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da mulkin ƙasar a wancan zamani. Edo a lokacin tana cikin manyan biranen duniya, da mutane kimanin miliyan ɗaya, amma ƙasar a rufe take. Daga cikin Turawa, mutanen Holan kaɗai aka yarda su yi ciniki, su ma a tashar jirgin ruwa guda, wato Nagasaki, inda fataken ƙasar Sin su ma suke sauka.

Shi da kansa ya faɗa cewa tun yana ɗan shekara shida ya kamu da son zane. Da ya kai wajen shekara 12 sai ya shiga aiki a shagon masu ba da hayar littattafai, irin waɗanda muka sani a Kano masu ba da hayar littattafan Hausa. Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi koyon sassaƙar katakon bugu, ya yi shekaru yana riƙe da wuƙa kafin ya koma riƙe alƙalami. A 1778 ya shiga hannun wani shahararren mai zane, Katsukawa Shunsho, wanda ya ba shi sunan aiki Shunro, kuma a 1779 zanensa na farko ya fito kasuwa, na 'yan wasan kwaikwayo.

Yadda ake bugu da katako

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi bayanin wannan sana'a, domin idan ba a gane ta ba, ba za a gane abin da ya faru da tsohon ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Ntonso kusa da Kumasi ya ga yadda ake sassaƙa ƙwarya a yi hatimi, a tsoma a rini a dangwala a kan ƙyallen adinkra, to ya ga tushen abin. Haka kuma masu sayar da atamfa sun san cewa a da ana saka ƙarin launukan atamfa da hannu ne, da hatimin katako, launi bayan launi. Bugun Japan haka yake, sai dai a kan takarda.

Mutum huɗu ne ke haɗuwa kafin zane ɗaya ya fito. Na farko shi ne mai jari, wato mai shagon ɗab'i, wanda shi ke zaɓar abin da za a zana, ya sayi katako da takarda da launi, ya biya ma'aikata, ya kai wa hukuma ta duba ta buga hatimin amincewa, sa'an nan ya sayar. Na biyu mai zane, wanda ke zanawa da baƙar tawada a kan takarda marar kauri. Na uku masassaƙi, wanda ke manna wannan takarda a kife a kan allon wani ice mai tauri da ake kira ceri, ya bi layukan da wuƙa yana fafe duk inda babu tawada. A nan zanen asali yake ƙarewa, domin wuƙa ta cinye shi. Sa'an nan kowane launi sai an sassaƙa masa nasa allon, tare da 'yar alama a gefe domin takarda ta riƙa zama wuri guda kada launi ya zame. Na huɗu shi ne mai bugu, wanda ke shafa launi a kan allo, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ganyen gora. Babu inji ko ɗaya a cikin aikin.

Abin lura a nan shi ne, allunan mallakar mai jari ne. Mai zane ana biyansa ladan aikinsa sau ɗaya, ko an sayar da kwafi ɗari ko an sayar da dubu biyar. Kuma kaya ne na talaka, domin ana sayar da babban zane guda a kan kuɗin da bai wuce na kwano biyu na taliya ba, kamar a ce kuɗin wake da shinkafa na safe a bakin titin Nima.

Sunaye talatin, gidaje casa'in

Bayan rasuwar maigidansa Shunsho a farkon 1793, Hokusai ya bar wannan makaranta ya kama gabansa. Ya koyi salon zanen gargajiya na ƙasarsa, ya koyi na Sin, ya kuma nazarci zanen Turawa da ke shigowa ta Nagasaki, musamman yadda suke nuna abu na kusa da na nesa. A waɗannan shekaru ne ya fara haɗa zane da waƙa, domin ƙungiyoyin mawaƙa na Edo, waɗanda da yawansu 'yan kasuwa ne masu hali, sukan ba shi kwangilar ƙawata waƙoƙinsu a buga a raba wa abokai a lokacin sabuwar shekara.

A al'adarsu mai sana'a yakan canja suna idan ya shiga wani sabon mataki, amma shi nasa ya wuce misali, domin ya yi amfani da sunaye fiye da 30. Sunan Hokusai ya ɗauke shi ne wajen 1798, kuma yana da nasaba da tauraron arewa, wanda yake girmamawa a cikin addininsa na Buddha. Haka kuma an ruwaito cewa ya yi ƙaura daga gida zuwa gida har sau 93, galibi gidajen haya, kuma an ce idan ɗaki ya cika da datti, ya fi masa sauƙi ya tashi da ya yi shara. Bai damu da sutura ba, ba ya shan giya, kuma kuɗi ba sa zama a hannunsa.

Ya iya tallata kansa ƙwarai. A 1804, a harabar wani wurin ibada a Edo, ya shimfiɗa takardar da ta kai faɗin tabarmi 120, ya ɗauki tsintsiya da bokitin tawada ya zana hoton wani babban malamin addininsu a gaban taron jama'a. Daga 1807 ya yi shekaru yana ƙawata littattafan wani shahararren marubuci mai suna Bakin, har suka ɓata saboda kowa na ganin shi ne gaba. A 1814 wani mai ɗab'i na birnin Nagoya ya fara fito da littafinsa na koyar da zane mai suna Manga, inda ya zana duk abin da ido ke gani, daga masu dako da masu kokawa har zuwa ƙwari da gadoji. Littafin ya yi kasuwa sosai, har ya kai juzu'i 15, na ƙarshensu ya fito a 1878, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Shuɗin Barlin da Dutsen Fuji

Da ya doshi shekara 70 sai wahalhalu suka taso masa a jere. Ya yi fama da ciwon shanyewar jiki, matarsa ta biyu ta rasu a 1828, ga kuma wani jikansa ɗan caca da ya riƙa cin bashi, masu bin bashi suna zuwa wurin kakan. Abin da ya tara duk ya tafi wajen biya. Wadda ta tsaya masa ita ce 'yarsa Oi, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ma gwanar zane ce, kuma tare suka zauna suna aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Ana cikin haka sai wata haja ta canja masa rayuwa. Akwai wani shuɗin launi da aka gano yadda ake haɗa shi a birnin Barlin na Jamus a farkon ƙarni na 18. Ya fi shuɗin da Japanawa suka saba samu daga ganye da furanni ƙarfi, kuma ba ya saurin kodewa. Da farko tsadarsa ta hana a sa shi a kayan talaka, amma zuwa ƙarshen shekarun 1820 fataken Sin suka riƙa shigo da shi da yawa, farashinsa ya faɗi. Wani mai ɗab'i a Edo, Nishimuraya Yohachi, ya hango riba, ya ba Hokusai kwangilar zana Dutsen Fuji ta fuskoki 36 da wannan sabon shuɗi. Aikin ya fara fitowa wajen 1830 zuwa 1831, ya samu karɓuwar da sai da aka ƙara guda goma suka zama 46. Zanen igiyar ruwan da muka ambata a farko yana cikinsu, kuma masana na ƙiyasta cewa an buga kwafinsa har wajen 8,000. Mai jari ya ci riba, tsoho kuwa ya samu suna, amma bai fita daga bashi ba.

A 1834 ya sake suna, ya koma kiran kansa tsoho mahaukacin zane. A ƙarshen wani littafinsa na wannan shekara ya rubuta cewa duk abin da ya zana kafin ya kai 70 bai kai a kula da shi ba, sai da ya kai 73 ya fara gane ƙirar tsuntsu da kifi da tsiro, kuma yana fatan idan ya kai 110 kowane ɗigo da ya ɗiga zai zama kamar mai rai.

Waƙoƙi ɗari na mawaƙa ɗari

Yanzu mun zo kan aikin da ya sa muka kawo wannan tarihi. Japanawa suna da wani tsohon diwani da suke kira Hyakunin Isshu, ma'ana waƙa ɗaya-ɗaya daga mawaƙa ɗari. Wani malamin fada mai suna Fujiwara no Teika, wanda ya rayu daga 1162 zuwa 1241, shi ya tattara su wajen shekarar 1235. Domin mu gane tsufan abin, Alfazazi mai Ishiriniya ya rasu ne a 1230, wato zamaninsu ɗaya. Kowace waƙa gajeruwa ce, ɗango biyar mai gaɓa 31, kuma mawaƙan sun faro daga ƙarni na 7 har zuwa na 13. Akwai sarakuna a cikinsu da fadawa da malaman addini, 21 daga cikinsu kuma mata ne.

Matsayin wannan diwani a wurinsu ya yi kama da na Ishiriniya da Burda a wurinmu ta fuska guda, wato yara suna haddace shi tun suna ƙanana, har ana wasan kati da shi a lokacin sabuwar shekara, amma harshensa tsohon harshen fada ne, wanda ba kowa ke gane ma'anarsa ba. Mu ma mun san yadda ake raba dare ana rera baitoci a watan Mauludi a Nima da Sabon Zango, alhali idan aka ce mutum ya fassara baiti ɗaya sai ya nemi malam.

Kafin Hokusai, masu zane sukan nuna mawaƙin ne zaune cikin rigunan fada, a rubuta waƙarsa a sama. Shi kuwa sai ya zo da wata dabara. Ya sa wa aikin suna Waƙoƙi Ɗari Kamar Yadda Mai Reno Ta Bayyana, wato ya ɗauka cewa wata tsohuwa ce mai renon yara, wadda ba ta yi karatu mai zurfi ba, take yi wa yara bayanin waƙoƙin da abin da ta sani na rayuwa. A kusurwar kowane zane akwai sunan mawaƙi da waƙarsa, amma abin da ya cika takardar talakawa ne a bakin aikinsu.

Waƙa ta farko ta Sarki Tenji ce, a kan bukkar gona da raɓar kaka. Hokusai bai zana sarki ba, sai ya zana manoma suna girbin shinkafa suna ɗaukar dammuna. Ta biyu ta Sarauniya Jito ce, a kan fararen tufafi da aka shanya da shigowar bazara, sai ya zana mutanen ƙauye suna wanki a rafi, matafiya suna ƙetarewa. Ta uku a kan tsawon dare ce ga mai kwana shi kaɗai, sai ya zana masunta suna jan taru da dare, hayaƙin wutarsu ya miƙe sama. Ta huɗu a kan Dutsen Fuji ce, sai ya sa matafiya da 'yan dako suna hawan wata hanya a gefen teku. A wasu ya zana masu tsaga katako da zarto, da maharba suna jin ɗumi cikin dusar ƙanƙara, da mata masu nutso cikin teku. Hatta waƙar shi Teika mai tattara diwanin, wadda ta kwatanta zafin jiran masoyi da wutar dafa gishiri, sai ya zana ma'aikatan gishiri suna ta fama da wuta da hayaƙi, aikin da duk wanda ya taɓa sarin gishiri a Ada ko Daboya ya san wahalarsa.

Akwai guda ɗaya da muke ganin za ta taɓa zuciyar duk mutumin zango. Ita ce waƙa ta bakwai, ta Abe no Nakamaro, wanda aka aika karatu ƙasar Sin a shekarar 717 yana saurayi, ya zauna har ya zama babban ma'aikacin sarkin can. A 753 ya hau jirgi zai koma gida, iska ta kaɗa jirgin zuwa gaɓar ƙasar da a yau ake kira Biyetnam, ya koma Sin ya rasu a can a 770. Waƙarsa a kan wata ce, yana tuna cewa shi ne dai watan da yake gani yana fitowa a kan dutsen garinsu. Hokusai ya zana shi tsaye a kan tudu yana duban teku. Kakanninmu nawa ne suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da niyyar sayen goro su koma, ga kaburburansu nan a Salaga da Kumasi da Ankara?

Kasuwa ta karye

Hokusai yana da shekara 75 lokacin da aikin ya fara fitowa a 1835. A wannan lokaci ma ba ya Edo sosai, domin tun ƙarshen 1834 ya koma wani garin bakin teku mai suna Uraga yana zaune da wani suna na daban, kuma masu tarihi suna danganta wannan da rigimar bashin jikansa. Daga can yake aika wa masu ɗab'i wasiƙu, waɗanda wasunsu suna nan har yau. A ciki yana kukan rashin kuɗi da rashin tufafin sanyi, amma duk da haka yana ja musu kunne a kan ingancin aiki, yana neman a ba wani masassaƙi da ya yarda da shi, Egawa Tomekichi, aikin littattafansa, yana kuma ƙorafin cewa wasu masassaƙa suna canja masa ƙirar ido da hanci.

To amma lokacin bai yi daidai ba. Tun daga 1833 sanyi da yawan ruwa suka riƙa lalata shinkafa a Japan, aka shiga yunwar da suke kira yunwar Tenpo, wadda ta yi tsanani a 1836 da 1837. Mutane da yawan gaske sun mutu, musamman a arewacin ƙasar, farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabo, har aka yi bore a birnin Osaka a 1837. Ba sai an gaya wa ɗan kasuwa ba, ranar da mudu ya gagara, mai sayar da kayan ado shi ke fara rufe shago. Ga kuma gasa, domin wani matashin mai zane, Hiroshige, ya fito da zanen zangunan babbar hanyar Edo zuwa Kyoto a 1833 zuwa 1834, masu saye suka koma kansa.

Nishimuraya, wanda ya ci ribar Dutsen Fuji, guda biyar kawai ya iya bugawa daga cikin waƙoƙin, sa'an nan harkarsa ta durƙushe. Wani mai ɗab'i, Iseya Sanjiro, ya karɓa ya buga 22, shi ma ya tsaya. Jimla 27 ke nan daga cikin 100. Waƙa ta goma, wadda ta fi kowacce dacewa da masu karanta wannan fili, tana cikin waɗanda ba su fito ba. Ta wani mawaƙi ce mai suna Semimaru, a kan wani shingen bincike da ke kan hanyar shiga Kyoto, inda mai tafiya da mai dawowa, sani da baƙo, suke haɗuwa su rabu, kamar dai yadda muke gani kullum a Aflao da Paga da Elubo.

Abin mamaki, tsohon bai ajiye alƙalami ba. An ruwaito cewa a tsakiyar yunwar yakan yi ƙananan zane ya musanya da awon shinkafa, amma ya ci gaba da zana sauran waƙoƙin har wajen 1838, alhali babu mai jarin da ya yi alkawarin bugawa. Fiye da 60 daga cikin waɗannan zane suna nan har yanzu, 41 daga ciki a gidan adana kayan tarihi na Freer da ke birnin Washington na Amurka. Kuma dalilin tsirarsu shi ne rashin buga su, domin da an kai su wurin masassaƙi, da wuƙa ta cinye su kamar yadda muka yi bayani. Bayan shekara goma, da kasuwa ta farfaɗo, wani mai ɗab'i ya haɗa masu zane uku, Kuniyoshi da Hiroshige da Kunisada, suka fito da nasu waƙoƙi ɗarin cif tsakanin 1845 da 1848, Hokusai yana raye yana gani.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1839 gobara ta cinye gidan da yake haya tare da tarin zanen da ya adana tun ƙuruciya. An ce alƙalumansa kawai ya fita da su. Daga nan ya rage aikin bugu ya koma zanen hannu. A shekarun 1840 wani attajiri mai suna Takai Kozan, na garin Obuse, mai nisan fiye da kilomita 200 daga Edo, ya zame masa maigida, ya sauke shi, ya ba shi ɗakin aiki da abinci da kayan zane, kamar dai yadda maigidan zango ke yi wa baƙonsa. Tsoho mai shekara fiye da 80 ya riƙa yin wannan doguwar tafiya, kuma aikin da ya yi a can yana nan a garin har yau.

Ya rasu a Edo ranar 10 ga Mayu, 1849, yana da shekara 88, ko 90 a lissafin mutanensa, aka binne shi a unguwar Asakusa. An ruwaito cewa a kan gadon mutuwarsa yana ta fatan a ƙara masa shekara goma, ko ma biyar, domin ya zama mai zane na gaskiya. Ana ƙiyasta cewa ya bar ayyuka wajen 30,000, amma bai bar dukiya ba.

Shekara biyar bayan rasuwarsa, a 1854, Amurka ta tilasta wa Japan buɗe tashoshinta, zanensa suka fara kwarara zuwa Turai, inda manyan masu zane na Faransa irin su Monet suka riƙa saye suna tarawa. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya na zanen igiyar ruwa a birnin New York a kan dala miliyan 2.76, abin da aka sayar a kan kuɗin kwano biyu na taliya.

Abin da ya shafe mu

Mu dai al'adarmu ba ta zana mutum a gefen baitocin yabo, kuma ba shi muke kira a yi ba. Muna da zayyanarmu ta allo da ta littafi, mai kyau da tsari. Amma niyyar tsohon, ta ɗauko waƙar manya a kawo ta inda ɗan dako da mai talla za su gane, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alhaji Umaru na Karaki, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga sa'an nan ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, ya kuma yi nasa da Larabci da ajami a kan talauci da wadata da zuwan Turawa. Almajiransa da fatake su ne suka riƙa kwafa da hannu suna yawo da su zango-zango.

A nan ne muke ganin tarihin Hokusai ya zo mana har gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwanintarsa ba ta ragu ba a 1836, jari ne ya janye, sai kashi uku cikin huɗu na aikinsa ya kwanta a akwati. A yau a cikin zangunanmu akwai akwatuna irin wannan, cike da waƙoƙin ajami da wasiƙun fatake da rubutun kakanni, gara da ɗanshi suna ci, ga kuma ambaliyar da ke shiga gidajen Nima da Mamobi da damina. Malamin da zai karanta ya fassara yana nan, yaron da zai buga a kwamfuta yana nan. Wanda ake jira shi ne mai jari. Kuɗin da za a ɗauki hoton littafi guda a buga kwafi ɗari biyar bai kai abin da wasunmu ke kashewa a bikin kwana ɗaya ba, kuma ƙungiyoyinmu na masu goro da masu shanu da masu atamfa za su iya ɗaukar nauyin littafi ɗaya a shekara ba tare da sun ji a jikinsu ba. Nishimuraya da Takai Kozan 'yan kasuwa ne kamarmu, kuma ba don sun sa kuɗinsu a aikin wani tsoho ba, da yau babu mai ambaton sunansu.

Nan za mu dakata a wannan makon. Waɗanda ke kan hanya Allah Ya kai su lafiya, waɗanda ke rumfa Allah Ya kawo kasuwa mai albarka. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.